Ra'ayin Katako a Magomeni

Mu tara ne muke zama wajen gahawar Shomari a Magomeni, kuma duk faɗin Dar es Salaam ba na jin akwai inda ake wargaza duniya a sake ɗinke ta kamar nan. Kafin buta ta biyu ta tafasa mun tuɓe shugabanni uku, mun rufe ofishin jakadanci, mun yafe wa manyan ƙasashe ko mun tsine musu, gwargwadon inda mutum ya zauna. Wannan magana ta wurin zama ba da wasa na faɗe ta ba.

Benci biyu gare mu suna fuskantar juna. Ɗaya yana jikin bangon shagon ɗinki, ɗaya yana gindin darbejiya, kowanne yana ɗaukar mutum huɗu. Na taranmu shi ne Mzee Kondo, wanda ya haura tamanin. Shi yana zama a kujerar roba a tsakiya, shi ke jefo maganar da za a tattauna. Dokarsa ɗaya ce tak. Duk wanda ya zauna a gindin darbejiya, goyon bayan maganar zai yi. Duk wanda ya zauna a jikin bango, suka zai yi, ko da kuwa maganar ta yi masa daɗi har cikin ƙashi.

Dokar tana da asali. Shekara goma sha tara da suka wuce wasu aminai biyu suka yi musu a nan kan yaƙin wata ƙasa da ba wanda ya taɓa taka ta a cikinsu. Musu ya yi musu, har ɗaya ya ƙi zuwa ɗaurin auren 'yar ɗayan. Ranar ne Mzee Kondo ya ce, "Daga yau ra'ayi na katako ne. Ka zauna ka ɗauka, ka tashi ka ajiye. Kar wanda ya sake kai shi gida." Tun daga nan ba a sake ɓatawa ba. Kana iya kiran mutum jaki da hantsi, da azahar ku raba alawar kashata ɗaya.

Saura kuma aikin rana ne. Da safe inuwa tana jikin bango, da yamma ta koma gindin darbejiya. Ni Chande, tsohon akawun tashar jiragen ruwa, da abokina Mwalimu Ngonyani, ba a riga mu zuwa, don haka kullum mu ke cin inuwa. Ke nan da safe ni mai cewa a'a ne, da yamma mai cewa eh. Matata ta ce a gida ma haka nake, amma ita ba a ɗaukar shaidarta, tana da ƙullin da take riƙe da ni.

Wata Talata da hantsi wata mata ta tsaya a kanmu. Ba za ta wuce talatin da 'yan kai ba. Tana sanye da falmaran shuɗiya mai sunan kamfani a ƙirji, da kati rataye a wuya, da kwamfutar hannu a hammata. Gumi ya jiƙa mata gefen ɗankwali.

"Shikamoo, iyayena," ta ce, har da rusunawa.

"Marahaba, 'yata," muka amsa baki ɗaya. Mace mai gaisuwa irin wannan a zamanin nan ai sai a gyara zama.

Ta ce sunanta Siwema. Kamfaninsu yana tattara ra'ayin jama'a ne don wata cibiya a ƙasar waje mai nazarin manyan birane da hulɗar ƙasashe. An ce ta samo maza takwas da suka haura hamsin a unguwar nan. Kwana uku tana bin gida gida, duk inda ta ƙwanƙwasa sai matar gida ta leƙo ta ce, "Yana wajen gahawa."

Mwalimu Ngonyani ya cire tabarau ya goge. "Ka ji ko, Chande? Shekara goma sha tara muna ba duniya shawara kyauta. Yau dai ta ji kunya ta aiko a ɗauko."

Mzee Kondo ya ce shi alƙali ne, alƙali ba shi da ra'ayi, ta ɗauki takwas ɗin da ke gabanta. Siwema ta roƙi mu riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya mu koma gefe, don ƙa'idar aikinsu ke nan. Ba wanda ya motsa. Wa zai tashi daga inuwa Fundi Mrisho mai gyaran agogo yana zaune a rana yana zare ido yana jiran gurbi? Da ta ga ba ci gaba, sai ta kifa bokitin Shomari ta zauna a gabana, ta rage murya.

"Baba, zan karanta magana, kai kuma ka zaɓa. Ya kamata a soke biza ga duk ɗan Afirka da ke son shigowa ƙasar nan. Ka yarda sosai, ka yarda, ba ka yarda ba, ko ba ka yarda ba sam?"

Bayana yana jingine da bango. "Ba ki da wadda ta fi sam ɗin nan ƙarfi?"

"Babu, Baba."

"To sa sam. Gidan da ba ƙofa ai kasuwa ne."

"Ya kamata Dar es Salaam ta yi koyi da birane irin Dubai da Singapore."

"Sam. A Dubai ɗin akwai inda ake soya rogo a bakin titi a barbaɗa maka barkono? In babu, su ne ya kamata su yi koyi da mu."

"Ya kamata magajin gari ya riƙa aika wakilansa manyan biranen duniya kai tsaye, ba sai ta hannun ma'aikatar harkokin waje ba."

"Ya fara aiko wakili ya duba kwatar da ke bayan gidana, in ya dawo da rai sai a tura shi Tokyo."

Ta danne dariya ta latsa. Haka muka yi ta yi kusan minti arba'in. Aika sojoji kiyaye zaman lafiya, sam. Fasfo ɗaya ga ƙasashen Gabashin Afirka, sam. Karɓar manyan tarukan duniya a birninmu, sam, sam. Na ba da hujjoji masu kyau kuwa, har na so a ce akwai gurbin rubuta su.

Da ta juya bokiti ta fuskanci masu darbejiya, sai duniya ta zama aljanna. Fundi Mrisho ya yarda sosai da komai. Har da maganar rufe tituna idan shugabannin waje sun zo, shi da a makon da ya wuce jerin gwanon wani baƙo ya tsare shi awa uku a cikin motar haya ta daladala da fitsari a mararsa.

Siwema ta ɗago ta dube mu, ta dubi wancan benci. "Ikon Allah. Ku kuwa abokai ne?"

"Aminai," in ji Mwalimu.

Ba wanda ya gaya mata dokar. Wallahi ba ɓoyewa muka yi ba, ko a ranmu abin bai zo ba. Wa yake tsayawa ya gaya wa baƙo cewa a garinsu da hannun dama ake cin abinci? Ta karɓi lambobin wayarmu, ta sha gahawa kofi ɗaya don kar ta ƙi, ta yi godiya ta tafi da sauri kamar wadda aka sauke wa kaya.

Ranar Juma'a da la'asar ina gindin darbejiya na miƙe ƙafa, sai wayata ta yi ƙara. Wata murya mai sanyi ta ce daga ofishin kamfanin ne, suna bin sawun aikin ma'aikatansu, za ta maimaita mini tambaya uku kawai. Na yi gyaran murya yadda kowa zai san da ofis nake magana.

"Soke biza ga 'yan Afirka?"

"Na yarda sosai! Biza ai shinge ne da wasu suka kafa mana suka tafi suka bar mu muna gadi."

"Koyi da Dubai?"

"Sosai da sosai. Mu da muke da teku da tashar jiragen ruwa, me muke jira?"

Sai muryar ta ce, "Baba, a nan an rubuta cewa ba ka yarda ba sam."

A nan ne na tafka zunubina. Mutumin da ke gindin darbejiya aikinsa ne ya tattake maganar masu bango, ko ta waye. Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ni? Wane mahaukaci ne zai faɗi haka? Ban taɓa jin shirme irin wannan ba."

Ban gama mayar da waya aljihu ba ta Fundi Mrisho ta ɗauka. Yana jikin bango a rana, sai ga shi yana ta sam, sam, kamar mai korar kaji. Ɗaya bayan ɗaya aka kira mu takwas. Shida sun juya. Biyun da amsarsu ta dace, ɗaya ya makara ne ranar, ɗayan ya cinye masa gurbi. Muka yi ta alfahari har magariba, muna cewa maganarmu ta yi nauyin da sai da aka sake nema.

Ranar Litinin Siwema ta dawo. Ba falmaran, ba kati, ba kwamfuta. Ta yi gaisuwarta cikakkiya, don mai tarbiyya ce.

"Iyayena, me na yi muku?"

Muka dubi juna.

"An dakatar da ni. An ce zama na yi a gindin bishiya na ƙirƙiri amsoshi na liƙa sunayenku. Shekara huɗu ina wannan aiki, na shiga ruwa, karnuka sun bi ni, ban taɓa cike layi ɗaya da kaina ba. Kamfanonin nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk sun san juna. Ranar da aka ce Siwema mai ƙirƙira ce, na gama, ko takardar ƙidayar kaji ba wanda zai sake ba ni. Ranar Alhamis maigidana a ofis, Bwana Lyimo, zai sa hannu a takardar kora." Sai ta juyo ta dube ni. "Kai kuma Baba, sun kunna mini muryarka. Wai wane mahaukaci ne zai faɗi haka."

Na ji kunyar da ban ji irinta ba tun ina yaro. Gahawar da ke bakina ta koma kamar ruwan wanki. Mwalimu ne ya yi ƙarfin halin yi mata bayanin benci da inuwa da dokar katako, yana yi yana kallon takalmansa.

Ta saurara har ƙarshe. "Wato abin da na kwashe rabin yini ina rubutawa ra'ayin katako ne?"

"Katako mai kyau ne dai," in ji Fundi Mrisho a hankali. "Icen mninga ne."

"Baba, don Allah kar ka sa in yi rashin kunya."

Wani daga bencin darbejiya ya ce gaskiya laifinmu ne. Kafin ya rufe baki na ji kaina ina cewa a'a, laifin kamfani ne da bai tambayi inda mutum yake zaune ba. Mwalimu ya mara mini baya. Cikin minti ɗaya mun rabu huɗu da huɗu muna ɗaga yatsa, matar da muka jefa a rami tana tsaye tana kallonmu baki buɗe. Sai da Mzee Kondo ya karɓi kofuna biyu a hannun Shomari ya gwara su da ƙarfi sannan muka yi tsit.

"Tsofaffin banza," ya ce. "Ba ni lambar maigidan naki, 'yata."

Ni na fara magana da Bwana Lyimo, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ce labarin ya yi kyau, a gaya wa wadda ta koya mana shi ta iya tsari. Mzee Kondo ya fizge wayar.

"Ɗana, mai magana ya haifi ubanka. Zaɓi biyu gare ka, tunda ku zaɓi kuka sani. Ko ka zo ka same mu jibi da la'asar, ko mu ɗora bencinmu biyu a kura mu kawo ƙofar ofishinku, mu tara, da mai gahawarmu, mu zauna har Alhamis. Kuma ka sani mu ba ma magana a hankali."

Bwana Lyimo ya ce zai zo.

Ranar Laraba na riga kowa, na kama gindin darbejiya, Mwalimu ya zauna kusa da ni. Na shirya kalaman da zan wanke Siwema da su tun daga gida, har na gwada wa matata. Ta ce in da haka nake magana kullum da ta ji daɗin aure. Abin da na lura da shi kawai shi ne Mzee Kondo ya aiki ɗaya daga cikin masu makara ya sayo masa maganin ƙafa can kasuwar Kariakoo, sai bencin bango ya rage mutum uku.

Ƙarfe huɗu bajaji, keken haya mai ƙafa uku, ya sauke Bwana Lyimo. Dogo ne siriri, riga mai dogon hannu a wannan zafin, alƙaluma uku a aljihu, fuskar nan kamar an aiko shi karɓar gawa. Siwema ta riga shi zuwa, tana tsaye gefen Shomari ta harɗe hannu. Ya gaishe mu a taƙaice, ya duba agogo, ya ce minti goma sha biyar gare shi.

"Zauna, ɗana," in ji Mzee Kondo.

Gurbi ɗaya ne, a jikin bango, a rana. Ya shimfiɗa hankici ya zauna. Shomari ya miƙa masa kofi, ya karɓa don ladabi, ya kurɓa.

"Madalla," in ji Mzee Kondo. "Wanda ya zauna ya kurɓa ya shiga. Ga maganar yau." Ya gyara hula. "Siwema maƙaryaciya ce, ita ta ƙirƙiri amsoshin nan, a kore ta. Masu darbejiya, bismillah."

Na yunƙura zan tashi in canza benci, ya nuna ni da sanda.

"Chande, wanda ya zauna ya zauna."

"Mzee, wannan ba maganar wasa ba ce."

"Yaushe muka taɓa wasa a nan? Fara."

Bwana Lyimo ya ce shi ba musu ya zo yi ba, sauraro ya zo. Mzee Kondo ya ce ba komai, ya yi shiru abinsa, abokan bencinsa za su kare ta.

Na dubi Siwema, ta dube ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushin tsohon nan da dokarsa da darbejiyar gaba ɗaya. Amma shekara goma sha tara ba kwana goma sha tara ba ce. Na buɗe baki, sai katako ya karɓa.

"Jama'a, ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan mata ko unguwar nan ba ta zo ba ranar Talata. A ɗakinta ta kwanta, fanka tana kaɗawa, ta cike komai."

Fundi Mrisho ya tashi kare ta daga bango. "Ƙarya kake! Dubi fuskarta. Mai irin wannan goshin ba ta ƙarya."

"Kuma innarta tana soya wainar vitumbua mai daɗi a Ilala," in ji na kusa da shi. "'Yar mai vitumbua ba ta ha'inci."

Na ga gefen bakin Bwana Lyimo ya motsa. Mwalimu ya ɗora a kan tawa, ya ce ba shakka a gida ta cike, ai yanzu mutum yana kwance yake aika komai.

"Na yi mafarki da ita tana tafiya a ƙasa," in ji Fundi Mrisho. "Mafarkina ba ya tashi a banza."

"Ba a buƙatar mafarki," in ji Bwana Lyimo, kamar maganar ta suɓuce masa. "Kwamfutar tana rubuta inda aka yi kowace hira. A nan aka yi su, a wannan kwanar."

"Ka ji ɗan bencinmu!" Fundi Mrisho ya daki cinyarsa. Bwana Lyimo ya janye ƙafa ya tsuke baki.

A lokacin ne na gane inda tsohon ya dosa. Na saci kallonsa, ya rufe ido kamar mai gyangyaɗi. Abin da babba ya hango yana zaune, ni da furfurata ban hango ba. Sai na ƙara wuta.

"To ta zo nan ɗin. Ta tsaya can bayan shago, cikin minti biyar ta latsa takwas ɗin ta wuce. Na'ura ai ba ta da ido."

"Kowace hira ta ɗauki tsakanin minti talatin da biyar zuwa arba'in da biyu," in ji Bwana Lyimo. "Taka ce ma mafi tsawo."

"Sai ta zauna tana latsawa a hankali tana cin gyaɗa."

"Awa biyar? Mai ƙirƙira gudun wahala yake yi, Mzee. Ba ya zama awa biyar a rana don ya yi ƙarya."

"Lambobinmu fa? Saye ta yi wajen masu sayar da katin waya."

"Haba!" Ya ajiye kofi. "Shekara goma sha ɗaya ina kama masu ƙirƙira. Lambar ƙaninsu suke sawa, ko lambar da ba ta shiga. Ba wanda yake ba da lambar gaskiya ta mutumin da zai ƙaryata shi ranar Juma'a."

"Wayo ne," in ji Mwalimu. "Ta san za ka yi wannan tunanin."

"Wane irin wayo?" Yanzu ya kwance maɓallin hannun riga yana naɗewa. Rana tana dukan ƙeyarsa bai ma sani ba. "Ku saurara in koya muku aikin. Mai ƙirƙira gauraya amsa yake yi, nan eh, can a'a, can ban sani ba, don abin ya yi kama da na mutane. Wannan fa? Mutum huɗu a jere sun ƙi komai, har da tambayar da ba wanda yake ƙi. Mutum huɗu a jere sun yarda da komai, har da maganganu biyu masu karo da juna. Ba maƙaryacin da zai rubuta wannan shirmen. Irin wannan sai mutanen gaske!"

"Mun gode," in ji Fundi Mrisho.

Saura bugu ɗaya, kuma shi ne mai ciwo. Ban iya kallon inda take ba.

"Duk wannan lissafi ne. Ni hali nake magana. Mace irin wannan, wa ya san ta? Wataƙila tun da can haka take yi, yau ne dubunta ta cika."

Bwana Lyimo ya nuno ni da alƙalami. "Ni na san ta! Ni na ɗauke ta aiki. Shekara huɗu, hira ta fi dubu biyu, an bi sawunta ya fi sau ɗari, ko sau ɗaya ba a sami kuskure ba. Lokacin ambaliyar Jangwani ita kaɗai ta dawo da takardunta cikakku, ta ɗaure kwamfuta a ka ta ratsa ruwa. In ana neman wanda za a koya wa sababbi aiki, sunanta nake bayarwa. Kai wane ne da za ka zauna a inuwa ka kira ta maƙaryaciya?"

Har Shomari ya tsaya da buta a sama. Siwema ta juya baya tana goge ido da gefen ɗankwali. Bwana Lyimo ya tsaya da alƙalami a iska, yana jin abin da bakinsa ya gama faɗa.

Mzee Kondo ya buɗe ido. "Masu darbejiya, da saura?"

"Babu," na ce. Ban taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba.

"To bango ya ci. Taro ya tashi."

Sai a nan tsoro ya kama ni na gaske. Mu dai mun san abin da ke faruwa idan mutum ya tashi daga katakon nan. Na ga mutanen da suka yi rantsuwa har da hawaye a zaune, suna miƙewa suka karkaɗe riga suka manta. Takardar kora tana can a teburinsa tana jiran gobe, ga abokan hulɗarsu na ƙasar waje suna jiran a nuna musu an hukunta wani. Dukkanmu muka zuba wa gwiwoyinsa ido.

Ya warware hannun rigarsa, ya saka maɓalli ɗaya, ya saka na biyu. Ya mayar da alƙalami aljihu. Ya miƙe, ya ɗauki hankicinsa ya ninke shi gida huɗu. Fuskar ofis ta dawo masa tsaf.

"Hirarrakin nan takwas za a zubar da su," ya ce. "Ba su da amfani ga kowa. Kuma zan rubuta cewa kar ma'aikacinmu ya sake yin hira da wani a wannan kwanar, ko a zaune ko a kwance."

Mwalimu ya buɗe baki zai yi ƙorafi, na taka masa ƙafa.

Bwana Lyimo ya juya wajen Siwema. Ya yi gyaran murya.

"Gobe ƙarfe takwas ki zo ki karɓi kayan aikinki. Ni ne na yi gaggawa. Ki yi haƙuri."

A tsaye ya faɗa, ƙafafunsa biyu a ƙasa, ba abin da ya taɓa katako.

Fundi Mrisho ya matso kunnen Mzee Kondo, amma da muryar da ake ji har shagon ɗinki. "Mzee, ya fa karya doka. Ya tashi da shi. Gida zai kai."

"Na gani," in ji Mzee Kondo. "Bar shi ya kai. Nasa ne ya zo da shi."